Masura Ba Ta Yi Tuli Ba

Asma'u, ƙanwar mijina, ce ta shigo mini da waya a hannu tana murmushi kamar mai albishir. Wata munazzama, irin ƙungiyoyin nan masu zuwa da farar mota, ta ɗauke ta aiki ita da ƙawayenta biyu. Za su zagaya kambonmu, unguwar masu aikin gona, su ji abin da ya fi damun mata, su fitar da manyan kanun maganar su aika. Abin da ya zo a sama shi za a yi mana. Ta zauna a bakin angarib, gadona na igiya, ta ce, “Matar Yaya, ki kwantar da hankalinki. Masura zan sa a sama. Wa zai duba?”

Ga wanda bai san wurinmu ba, masura wani bututun ƙarfe ne da ya ratsa kan babbar tur'a mai kai ruwa gonaki. Kambonmu na wannan gefe, makaranta na hilla, ƙauyen Larabawa, a wancan gefe, gada kuwa tana can nesa ta wajen hanyar garin Hajj Abdalla. Kan bututun nan yaranmu ke bi safe da azahar. Faɗinsa da kyar ya ɗauki ƙafa biyu a jere, kuma idan an sako ruwa don alkama, ruwan har lasar cikinsa yake yi. Yarinyata ta fari tana bi, bana kuma tana riƙe da hannun ƙaninta. Ni a bakin kogi na tashi, na ga abin da ruwa ke yi. Duk kambo an san ni da maganar masura, har tsokanata ake yi da ita. Asma'u alheri take nufi: idan ta rubuta, ƙila a yi mana gada.

Ban ba ta amsa ba ranar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta ce aikin ba komai ba ne, wai wayar da kanta take juya murya ta koma rubutu, ta ƙirga kalmar da ta fi yawa, shi ke nan. Ƙawarta ta leƙo daga ƙofa ta ƙara da cewa ai hira ce kawai, wa bai iya hira ba. To ku ukun, da ku nake. Na yi shekaru a aikin nan kafin a damƙa muku wayar. Tunda ba ku iya sauraron babba sai kuna latse-latse, ga shi na rubuta, ku karanta da idon da kuke kallon wayar.

Daktora Ihsan ce ta koya mini. Malamar jami'a ce, kakanta Bahaushe ne na Hasahisa, amma Hausarta ta zama kamar maganar da ake ji ta bayan katanga, ta kama rabi, rabi ya wuce ta. Ta zo kambonmu neman wadda za ta zama mata kunne, lokacin yarinyata tana goye. Masu ilimin cikinmu, irinku, kunyar Hausa suke ji a gaban baƙuwa. Ni kuwa karatuna bai wuce na allo da 'yan azuzuwan farko ba, Larabci da yatsa a kan layi nake karanta shi. Ta ɗauke ni ne saboda wani suna da muka je tare. Da muka fito na gaya mata wadda ta yi magana, da wadda ta so yi ta haɗiye, da wadda ta tashi ɗauko ruwa daidai lokacin da aka ambaci unguwarzoma. Ta ce wannan ta ƙarshen ita ce aikin.

Aikin farko kan haihuwa ne, me ya sa mata ba sa zuwa asibiti sai abu ya ɓaci. Ƙaramar rikoda muke da ita mai batir, da abin kunne wanda gefe guda ya mutu. Damina ta zo ta wuce Daktora ba ta bar ni na taɓa komai ba sai saurare. In ji magana, in tsayar, in faɗa mata da Larabci, ta buga a kwamfuta. Idan mace ta yi zance a karkace, ta fara ta bari ta koma wani, sai bakina ya miƙar mata da shi. Daktora takan ɗago kai ta ce wannan ya yi kyau da yawa, in sake ji. Ba ta son a yi wa magana wanka. Tari, dariya, tsaki, duk sai sun shiga. Idan mace ta ce “lafiya lau” sannan ta yi shiru har kaza ta gama kukanta, shirun ma rubuta shi ake yi. Ku nuna mini inda wayarku take ajiye wannan.

Idan an gama bugawa sai ta kai Hasahisa a fitar a takarda, ta dawo da ita cikin jaka. Nan almakashi ke shiga. Mu shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, mu yanka maganar gunduwa-gunduwa, kowace da lambar mai maganar a bayanta, ba suna. Waɗanda suka yi kama da juna a tara su wuri ɗaya, a danne da mataccen batir ko gutsuren bulo saboda iska, don ƙasarmu ba ta da dutse. Daktora tana da sunan da take ba kowane da Larabcin jami'a, ni tuli nake ce masa, har ita ma ta koma cewa tuli. Shi ne abin da kuke kira kanun magana. Ba a raɗa masa suna ranar da aka tara shi. A bar shi ya kwana, gobe a sake karantawa, a ga rabin abin da ke ciki ba nan ne gidansa ba. Wani tulin ya rabe biyu, wasu biyun su haɗe, wani ya watse gaba ɗaya bayan kin gama yabon kanki a kansa. Akwai ranar da akuyar maƙwabta ta cinye mana tulin surukai tas. Daktora ta ce ita ma ta san inda daɗin yake.

Lambar da ke bayan takarda Daktora take ɓoye wa suna, ba ni ba. Ni na san muryar kowa. Na san wadda ta haihu ita kaɗai a bayan ɗaki don kada uwar mijinta ta ji nishinta, kuma gobe a wurinta zan sayi tumatir in gaishe ta kamar ban ji komai ba. Uwar mijina ta yi ta zagaye tana son jin abin da wance ta faɗa, har ta yi fushi da ni na ɗan lokaci. Shekaranjiya kuwa na ji ku ta katanga kuna kunna wa juna muryar wata tsohuwa kuna ƙyalƙyala dariya, wai ba ta iya faɗin sunan munazzamar ba. Ranar da ta ji labari, kun gama aiki a kambon nan, ku da duk mai zuwa bayanku.

Tulin da ya fi kowanne girma kullum shi ne talauci, kuma shi ne ya fi kowanne zama fanko. Ki tambayi macen kambo komai, muddin ta hango farar mota a waje, za ta juya harshe zuwa Larabci ta ce “ma indana gurush,” ba mu da kuɗi. Ba ƙarya ta yi ba, amma amsar baƙi ce, irin wadda ake ajiyewa kusa da ƙofa tare da kofunan shayi masu kyau. Sai an daɗe, ta manta da rikoda, ta juya wajen maƙwabciyarta da Hausa, a nan zancen yake. Don haka muka riƙa jan shuɗin layi a ƙarƙashin abin da aka faɗa da Larabci, ja a ƙarƙashin na Hausa. Tulin da ya fito shuɗi zalla ba ma yarda da shi sai mun sake komawa. Wayarku mai ƙirga za ta ce muku talauci, ku aika, a can su ce sun gode, kamar da ba su sani ba.

Masu ba da aikin ma iri-iri ne. Akwai wani mai ƙaton agogo da ya zo daga wata ƙungiya, kekunan ɗinki ne jibge a ɗakin ajiyarsu, yana son bincike ya nuna matan kambo ɗinki suke mafarki. Muka yi aikin, ɗinki bai fito ba ko a bakin mace ɗaya. Ya zauna a kan tabarmarmu da takalmansa yana ɗaga bulo yana leƙawa, ko mun ɓoye ɗinkin a ƙasa. Daktora ta ce masa ita ba ta sayar da abin da ba a faɗa ba. Bai sake kiranta ba. Na ji ya samu wasu 'yan mata masu saurin hannu a wani kambon.

Tara tuli rabin aiki ne. Sai an mayar wa masu maganar, an karanta musu, sun ce e tamu ce ko a'a. Karon farko a gidan shehin kambo muka yi. Matarsa ta shimfiɗa sabuwar darduma, aka kawo jabana, wato gahawa, da turare. Daktora tana karantawa ina fassarawa, mata suna cewa sahih, wallahi haka ne. Komai sahih. Da ta ga haka sai ta karanta wani abu da ta ƙirƙira nan take, wai mata sun ce sun fi son namiji ya karɓi haihuwarsu. Na fassara kaina a ƙasa. Matar shehi ta ce sahih, sauran suka bi. A hanya Daktora ta ce duk zaman nan a zubar da shi. Mu ba ma ƙaryata baƙo a kan shimfiɗarmu, kome ya faɗa. Wanda bai san wannan ba zai koma gida da jaka cike da sahih yana murna.

Daga nan muka sauya. Ba gidan shehi, ba jabana. Sai inda mata ke ɓarar gyaɗa ko yankan kuɓewa don shanya, hannu na aiki, ido na ƙasa. Daktora ta zauna can baya da tsohon mayafi kamar mai jiran wani. Ni ce mai karantawa, domin ni matar ɗa ce, an auro ni daga garin Abu Hujar na bakin kogi, kowace tsohuwa tana da ikon ta ce mini ƙarya nake. Kuma kowane zama sai mun cusa tulin ƙarya guda a tsakiya. Idan ya wuce ba a yi mini ca ba, zaman bai karɓu ba. Idan aka taso mini, to kunnuwa a buɗe suke, abin da suka amince da shi ana iya tsayawa a kansa. Na sha zagi a aikin nan fiye da wanda na sha a gidan miji.

Aikin makaranta shi ne wanda nake so ku ji da kyau. Shekarar da yarinyata ta shiga aji ɗaya, wata ƙungiya ta ce wa Daktora ta gano me ke fitar da 'yan matan kambo daga makaranta da zarar sun fara tasawa. Abu ɗaya za su iya yi, kuma abin da binciken ya nuna shi za su yi. Muka zagaya kambonmu da na kusa masu tura yara makarantar nan. Talauci ya yi tulinsa shuɗi kamar kullum. Tsinkar auduga ta yi nata. Akwai na tsokanar da yaran hilla ke yi wa namu idan Larabcinsu ya karkace.

Akwai kuma wasu gunduwoyi masu jan layi da suka ƙi zama ko'ina. Wata ta ce ita ba ta ba 'yarta shayi da safe ranar makaranta, na sa ta a tulin abinci. Wata ta ce tata kullum da ciwon mara take dawowa, ta tafi tulin cuta. Wata ta ce idan an gama da gonar bayan makaranta to karatu ya ƙare sai baɗi. Muka sa ta a tsinkar auduga, amma ba ta zauna ba, don bayan tsinka take nufi, lokacin da ake tumɓuke itacen a ƙone, fili ya zama fetal. Mun yi kwanaki muna ɗaga su muna mayarwa. Ni na tuna cewa mai hana shayin tana da saniya, ba rashin madara ba ne. Daktora ta tuna ranar da ta je makarantar ta nemi inda za ta kama ruwa, aka kai ta gidan wata malama. Makarantar ba ta da makewayi. Ƙananan yara ba ruwansu, amma yarinyar da ta fara girma gonar auduga ce suturarta, idan an share ba ta da wurin zuwa. Duk cikin muryoyin nan babu mace ɗaya da ta furta kalmar. Ku ba wayarku ta ƙirga wannan.

Ni kuma ina da nawa tulin a gefen tabarma, na masura. 'Yan gunduwoyi ne, ba su kai a danne da bulo ba, batir ɗaya ya ishe su. Amma na ce wa Daktora shi ne babban, mata ne ba sa faɗa. Na kawo hujja. Mu ba ma ambaton mugun abu a kan yaro kada bakinmu ya kira shi, kuma da yawa cikin masu tsallakewa 'ya'yan fari ne, waɗanda uwa ke kunyar nuna damuwa a kansu. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce hujja ce mai kyau, irin wannan shirun ya taɓa ɓoye mana abubuwa, don haka za a gwada shi kamar kowane tuli. Sannan ta tambaye ni wa ke raka yarinyata bakin tur'a kowace safiya. Na ce ni. Ta tambaya su wa nake tararwa a can cikin iyaye. Na ce ni ruwa nake dubawa, ba mutane ba.

Ta ba ni rikodar ta ce in koma kan kowace gunduwa in ji abin da aka faɗa gabanta da bayanta. Na zauna da rana a bayan ɗaki, ƙaramin yana barci a cinyata. Wadda ta ce 'yarta tana gudu a kan masura, da na saurara gaba, dariya take yi, yabo ne, wai kamar akuya. Wadda ta ce masura ta ishe ta, takalmi take nufi, silifa ke ta faɗawa ruwa. Ta ƙarshe maganar tsohuwarta take yi, wadda ba ta iya bi zuwa asibiti, ba ta yara ba.

Ku masu cewa wa zai duba, ni ma ba mai dubawa. Daktora ba ta jin Hausar matanmu idan sun yi sauri. Da na ƙara “ina tsoro” a bakin mata kaɗan, da ya shiga kwamfuta, ya fito a takarda, an yanka da almakashi, ya yi tuli har da bulo a kai. Abin kunnen a kunnena yake ni kaɗai. Na kai mata yadda aka faɗa.

Ranar mayarwa ana ɓarar gyaɗa a ƙofar Goggo Ta-Sallah, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin kambo, mai baki kamar reza. Na fara da auduga, suka ce e, amma wannan na ɗan lokaci ne, yara na komawa. Na sa na ƙarya, wai iyaye sun fi son malamai maza su koyar da manyan 'yan mata. Goggo ta jefe ni da ɓawon gyaɗa ta tambayi uwar wa ta faɗi haka. Zama ya karɓu. Da na zo kan makewayi ban san yadda zan sa shi ba, na ce an ce makarantar ba ta da inda 'ya mace za ta ɓuya. Hannuwa suka tsaya. Sai kowa ta fara magana lokaci guda, wadda ta cire 'yarta bara, da wadda yaran hilla suka bi tata cikin gona suna jifa, da wadda ta yi zaton tata ce kaɗai. Har batir ya mutu ba su gama ba.

Da muka sauya batir na karanta na masura. Na karanta shi a hankali, na ba shi duk kyan da zan iya.

Goggo ta dube ni ta ce, “Wanga naki na, ɗiyar Abu Hujar. Mu da tulu bisa kai munka bi ta, da tsohon ciki.”

Aka yi dariya. Wata ta ce yaron kambo kafin ya iya Fatiha ya iya iyo, aka koma kan gyaɗa.

Ban haƙura ba, Daktora ma ba ta ce in haƙura ba. Tunda na ce kunya ce, sai muka je wajen kakanni su kaɗai, don kaka ba ta kunyar jika, tsokanarsa ma take yi, ta faɗi komai a kansa. Suka yi maganar ƙwarƙwata, da fitsarin jini da wankan tur'a ke sa wa yara, da malamin da ke duka. Ba wadda ta kawo masura. Muka tambayi mata game da 'ya'yan maƙwabta maimakon nasu, don a kauce wa mugun baki. Haka nan. Muka nemi 'yan matan da suka bar makarantar, su da kansu, suka ce masura ai wurin wasa ce. Ranar da muka dawo daga zaman ƙarshe Daktora ba ta taɓa tulin ba, ta zauna tana gyara wasu. Ni na ɗaga batirin. Na mayar da ta takalmi tulin talauci, ta tsohuwa tulin cuta. Ta yabon ba ta da gida, ta shiga jakar ragowa.

Aka gina makewayi mai katanga da ƙofar ƙarfe. Manyan 'yan mata suka riƙa kaiwa ƙarshen shekara. Ke Asma'u kina cikinsu, ko kin manta? Shekarar nan aka share gonar ba a cire ki ba, kika ci gaba har kika kai inda munazzama za ta ba ki waya ki zo ki ce mini wa zai duba.

Sai shekarar yaƙi. Daktora ta bar ƙasar da iyalinta, aka ɗauke kwamfutarta da duk muryoyin da muka tara. Mu muka gudu, muka bar gyaɗa a ƙasa ba a cire ba. A inda muka raɓa masu tambaya sun zo, samari masu manyan wayoyi, tambaya da amsoshinta duk a shirye, ke dai ki zaɓa. Wani ya tambaye ni babbar buƙatata, abinci, ruwa ko bargo. Na ce yarana suna manta karatu. Ya duba ya ce babu wannan a ciki, ya danna abinci ya wuce. Da muka dawo an cire ƙofar makewayin an tafi da ita, katangar ce kawai. Masura tana nan, ba abin da ya same ta. Ban san abin da matan kambo za su ce yanzu ba, ƙofar ce, ko ruwan sha, ko wani abu da ban hango ba. Ba wanda ya sani, don ba a tambaye su ba.

Ina nan a rubutun Asma'u ta dawo jin amsa. Na ce kada ta sa masura a sama. Idan tana son taimakona ta je ta ɗauko muryoyi, kada kalmar masura ta fito daga bakinta, ta kawo mu shimfiɗa tabarma. Akwai baƙin da yaƙi ya zaunar a kambo, waɗanda ba a kan bututun suka tashi ba, ƙila yanzu ta yi tuli, ƙila ba ta yi ba. Idan ma ta yi, ba ni zan tara shi ba, ƙawarta za ta tara. Asma'u ta ce wannan dogon aiki ne, su jiransu ake yi. Na ce su jira. Ta ce ni dai taurin kai ne da ni, ana miƙo mini gada ina turewa.

“To in yarinyarki ta zame fa, Matar Yaya?”

Da ta ji abin da ta faɗa sai ta sunkuyar da kai ta shiga murza gefen mayafinta. 

Na ce, “Ni ba macen kambo ba ce? Kunna wayar. Ki sa mini lamba kamar kowa.”

Ta ce mace ɗaya ba ta sa a yi gada. Na ce na sani, ta rubuta mace ɗaya.

Ta kunna ta ajiye a tsakaninmu, ta tambaye ni abin da ya fi damuna. Na fara daga tsakiyar bututun, inda aka haɗa ƙarfe biyu da manyan kusoshi, wurin ya yi tudu. A nan yarinyar take sakin hannun ƙaninta ta tsallake, ta juyo ta sake kama shi. Wannan ɗan lokacin da hannunsa ba ya hannun kowa, shi na faɗa mata, yadda nake ganinsa daga bakin tur'a kowace safiya. Asma'u ta buɗe baki za ta ce wani abu, ta fasa, ta matso da wayar kusa da ni.